Robin Hood Tsakanin Waƙoƙin Dā da Kundin Kotu

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Robin Hood, ko ya karanta labarinsa a littattafan yara na Turanci, ya san siffar da ake nuna shi da ita. Ɗan sarauta ne da aka ƙwace wa gadon mahaifinsa, ya shige daji da baka da kwari, yana tare attajirai yana raba dukiyarsu ga talakawa, yana kuma jiran Sarki Richard ya dawo daga yaƙin 'yan Salibiyya ya karɓe mulki daga hannun ƙanensa John. To, sarautar nan da zamanin Richard da rabon dukiya ga matalauta, har da masoyiyarsa Marian, duk babu su a labarin tun asalinsa. An ƙara su ne ɗaya bayan ɗaya cikin ɗaruruwan shekaru, kuma galibinsu an san wanda ya ƙara su da shekarar da ya yi hakan. Abin da ya rage bayan an cire su ya fi ban tsoro, amma a ganina ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kusa da Ingilar da ta haifi labarin.

A adabin Turanci, an fara ambaton sunansa ne wajen shekarar 1377, a cikin doguwar waƙar addini ta William Langland mai suna Piers Plowman. A ciki an kawo wani malalacin limamin coci yana amsa laifinsa, yana cewa bai iya addu'ar da kowane Kirista ya kamata ya haddace ba, amma ya iya waƙoƙin Robin Hood da na Randolf, basaraken Chester. Marubucin bai tsaya bayyana ko wane ne Robin ba, wanda hakan ke nuna cewa a lokacin waƙoƙinsa sun riga sun zama ruwan dare, har malamai suna kallon su a matsayin abin da ke shagaltar da mutane daga ibada. Waƙoƙin da limamin ya haddace ba su iso gare mu ba. Mafi tsufan waɗanda suka tsira an rubuta su ne daga wajen 1450 zuwa 1500, wato kusan ƙarni guda bayan Langland.

Mafi tsawo a cikinsu ita ce A Gest of Robyn Hode, mai baiti 456, wadda aka buga da injin ɗab'i wajen 1500. Robin na wannan waƙa ba basarake ba ne, ba kuma bawan gona ba ne. Yana cikin rukunin 'yantattun mutane masu matsakaicin matsayi, irin waɗanda suke da ɗan abin hannunsu ko suke hidima a gidajen manya. Mutum ne mai riƙon addininsa, mai tsananin girmama Maryam mahaifiyar Annabi Isa, har saboda ita ba ya taɓa ayarin da mace take ciki. Tun a farkon waƙar ya shimfiɗa wa yaransa ƙa'ida: kada su taɓa manomin da ke huɗa da garmarsa, kada su taɓa barde ko ɗan barde mai mutunci, amma manyan limaman coci a ɗaure su a yi musu duka, hakimin Nottingham kuwa kada a manta da shi.

Wanda ya ci moriyar alherin Robin a wannan waƙa ba matalauci ba ne, wani barde ne, Sir Richard, wanda duniya ta juya wa baya. Ɗansa ya kashe mutum a wasan sukuwa da māsu, shi kuma don ya kuɓutar da yaron ya jinginar da ƙasarsa kan fam 400 ga shugaban gidan 'yan zuhudu na St Mary da ke York. Don a gane girman bashin, a ƙarni na 14 duk wanda ƙasarsa take kawo masa fam 40 a shekara ana ganin ya isa a tilasta masa karɓar matsayin barde, saboda haka bashin ya kai abin da irin wannan mutum zai samu a shekara goma. Yaran Robin suka caje kayansa suka tarar da sule goma kacal, daidai da abin da ya faɗa da bakinsa. Robin ya ranta masa kuɗin ba tare da wani mai tsaya masa ba sai sunan Maryam. Wurin da ya fi taɓa ni a duk waƙar shi ne inda barden ya isa York ranar da wa'adi ya cika, ya tarar shugaban 'yan zuhudun yana zaune kan abinci tare da babban alƙalin ƙasa da hakimi, suna jiran rana ta faɗi ƙasar ta zama tasu. Ya durƙusa ya roƙi a ƙara masa lokaci, ya juya ga alƙali ya nemi ya sa baki, alƙalin ya gaya masa a fili cewa shi yana karɓar tufafi da kuɗi daga hannun mai gidan. Sai da kowa ya nuna halinsa sannan barden ya zazzage fam 400 a kan tebur. Daga baya yaran Robin suka tare ma'ajin wannan gida a hanya, ya ce abin da ke hannunsa bai kai fam 14 ba, aka kwance kayansa aka sami fam 800, Robin ya ce Maryam ce ta biya bashin ninki biyu.

Ƙorafin da ke cikin wannan labari a bayyane yake: alƙalin da aka saye, da malamin addini mai cin ƙasar mutane ta hanyar bashi, da jami'in sarki mai amfani da muƙaminsa. Sarki kansa ba a zarge shi ba. A waƙar sunansa Edward, kuma da ya zo dajin a ɓoye cikin shigar 'yan zuhudu, Robin ya gane shi ya durƙusa, ya bi shi fada ya yi wata 15, sannan kewar daji ta mayar da shi ya ƙara shekara 22. Baitin ƙarshe ne kawai ya ce ya yi wa talakawa alheri mai yawa, amma babu inda aka nuna shi yana raba musu ganima. Mazauninsa ma a mafi yawan waƙar ba Sherwood ba ne, Barnsdale ne a kudancin Yorkshire, kimanin mil 50 arewa da Nottingham, inda babbar hanyar Landan zuwa arewa take ratsawa. Mawaƙin ya san yankin sosai, har ya ambaci ƙananan wurare irin su Sayles kusa da Wentbridge, kuma wurin ya yi ƙaurin suna da gaske, domin a 1306, lokacin da ake kai wasu manyan limaman Sikotland kudu a matsayin fursunoni, an ƙara yawan masu gadinsu, an kuma rubuta cewa saboda Barnsdale ne.

Akwai kuma zubar da jini, wanda masu gyara labarin don yara suka share. A waƙar Robin Hood and the Monk, Little John, babban na hannun daman Robin, ya sare kan ɗan zuhudun da ya tona asirin Robin, abokinsa Much kuma ya kashe ƙaramin yaron da ke yi wa ɗan zuhudun hidima don kada ya ba da shaida, mawaƙin ya wuce bai ko nuna damuwa ba. A wata waƙar Robin ya kashe Guy na Gisborne, ya soke kansa a bakin bakansa, ya yayyanka fuskar da wuƙa don kada a gane shi. Mu da muka san abin da fashin daji yake yi wa ƙauyuka da matafiya a yau, ba zai yiwu mu karanta kisan wannan yaro mu wuce kamar yadda mawaƙin ya wuce ba, kuma ina ganin duk mai son fahimtar tarihin labarin dole ya riƙe wannan baiti tare da na barden da aka taimaka.

Irin waɗannan gungun sun wanzu a Ingila, kuma akwai bayanansu a rubuce. 'Yan'uwan nan na gidan Folville a Leicestershire 'ya'yan mai ƙasa ne, ɗayansu ma limamin coci ne. A 1326 sun kashe Roger Bellers, babban jami'in baitulmalin sarki, a 1332 kuma suka sace alƙali Richard Willoughby, ba su sake shi ba sai da aka biya fansar da ta haura fam 860. Jagoransu Eustace ya sami afuwa saboda ya yi wa sarki yaƙi, ya mutu ba a taɓa hukunta shi ba. Abin lura shi ne mutane da yawa a lokacin ba su tausaya wa alƙalin ba, kuma shi kansa an tuhume shi a 1340 da sayar da shari'a kamar yadda ake sayar da shanu. A ƙasar da alƙali yake haka, ba abin mamaki ba ne jama'a su riƙa rera waƙar wanda ya ɗaure alƙali. Masana sun yi jayayya a kan su wa aka fara rera wa waƙoƙin: Rodney Hilton a 1958 ya danganta su da fushin manoma, irin wanda ya fashe a tawayen 1381, J. C. Holt kuma a 1960 ya ce a zaurukan masu ƙasa da barorinsu aka raine su. Na fi karkata ga Holt, domin babu maganar aikin tilas ko harajin kai a waƙoƙin, alhali jinginar ƙasa da karɓar baƙo da ladabin cin abinci sun cika su.

Sauran kayan adon sun shigo ne daga baya, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Daga ƙarni na 15 garuruwa suka riƙa yin wasan Robin Hood a bukukuwan farkon bazara don tara wa coci kuɗi, mafi tsufan shaidar hakan daga Exeter take a 1426 zuwa 1427, kuma ta wannan ƙofa Marian ta shigo. Friar Tuck, sunan ɗan zuhudun da ake sa wa cikin yaran Robin, laƙabi ne da wani limami ɗan fashi a Sussex, Robert Stafford, ya yi amfani da shi a 1417. John Major, masanin tarihi ɗan Sikotland, shi ne a 1521 ya ajiye Robin a zamanin Sarki Richard, Anthony Munday kuma a wasanninsa na 1598 ya naɗa shi basaraken Huntingdon. A 1746 William Stukeley ya ƙirƙiro masa salsalar ƙarya don sarautar ta zauna. Joseph Ritson, mai goyon bayan juyin juya halin Faransa, ya tattara waƙoƙin a 1795 ya fito da shi a matsayin gwarzon talakawa, Walter Scott a 1819 ya mai da shi ɗan asalin ƙasa mai adawa da Normawa 'yan mamaya. Kabarin da ake nunawa a Kirklees, inda waƙa ta ce shugabar gidan 'yan zuhudu mata, 'yar'uwarsa, ta yaudare shi ya mutu, yana ɗauke da shekarar 1247, amma harshen rubutun kwaikwayon tsohon Turanci ne, ranar da aka sassaƙa kuma babu ita sam a lissafin kwanakin Rumawa da aka yi amfani da shi.

Marubutan tarihi na farko ma ba su daidaita a kan zamaninsa ba. Andrew na Wyntoun, wajen 1420, ya sa shi a 1283 a Inglewood da Barnsdale. Walter Bower, bayan shekara ashirin ko fiye, ya sa shi a 1266 cikin magoya bayan Simon de Montfort, basaraken da ya yi wa sarki tawaye, waɗanda aka ƙwace wa ƙasa, ya kuma kira shi shahararren mai kisan kai wanda wawayen jama'a suke son jin labarinsa. Wani ɗan zuhudu Bature, a gefen shafin wani littafin tarihi da ke ajiye a kwalejin Eton, ya rubuta wajen 1460 cewa Robin da mutanensa sun addabi Sherwood da wasu yankuna da fashi ba ƙaƙƙautawa, ya sa hakan a ƙarshen ƙarni na 13. Dukkansu sun rubuta ne fiye da shekara ɗari bayan lokacin da suke magana a kai, kuma daga waƙoƙin suka ɗebo.

Saboda haka masu neman mutumin gaskiya suka koma ga takardun kotu da na baitulmali, kuma akwai dalilin da ya sa can ne ake sa ran samunsa. A dokar Ingila ta lokacin, wanda aka tuhuma da babban laifi ya gudu, ana kiran sunansa a zaman kotun lardi sau da yawa a jere, idan bai bayyana ba sai a fitar da shi daga kariyar doka. A farkon zamani duk wanda ya gamu da shi yana iya kashe shi kamar kerkeci, kayansa kuma su zama na sarki. Tunda akwai kuɗi a ciki, akawun baitulmali ba ya barin sunan ya ɓace. Matsalar ita ce Robert yana cikin sunayen da suka fi yawa a Ingila, Robin kuwa sunan lele ne na Robert, Hood ma ba baƙon sunan iyali ba ne, don haka samun wani Robert Hood a takarda bai tabbatar da komai ba.

Wanda ya fara yin wannan bincike da gaske shi ne Joseph Hunter a 1852. Ya gano wani Robert Hood a Wakefield, ya kuma gano wani Robyn Hode cikin masu tsaron ƙofar Sarki Edward na Biyu a 1324. Da yake wannan sarki ya zagaya arewa a 1323, shekara guda bayan ya murƙushe tawayen Thomas na Lancaster a Boroughbridge, Hunter ya haɗa su ya ce mutum ɗaya ne: ya shiga tawaye, ya gudu daji, sarki ya yafe masa a Nottingham ya ɗauke shi aiki, kamar yadda waƙa ta faɗa. Bayani ne mai daɗin ji, ya kuma daɗe yana jan hankali. Amma babu takardar da ta nuna mutumin Wakefield ya taɓa yin tawaye ko fashi, kuma daga baya aka ga cewa mai tsaron ƙofar yana karɓar albashi tun watan Yuni 1323, alhali sarki bai isa Nottingham ba sai Nuwamba. Mai tsaron ƙofar ya bar aiki ne a ƙarshen 1324, aka ba shi sule biyar saboda ba ya iya aiki kuma.

Abin da ya rushe wannan bayani gaba ɗaya, tare da wasu irinsa, wata 'yar ƙaramar shaida ce da David Crook ya wallafa a 1984, kuma ita ce a wurina mafi muhimmanci a duk wannan bincike. A 1261, a Berkshire, can kudancin Ingila nesa da Barnsdale da Sherwood, an tuhumi wani William ɗan Robert le Fevere da sata tare da wasu maza da mata, ya gudu aka fitar da shi daga kariyar doka. Shugaban gidan 'yan zuhudu na Sandleford ya kwashe kayansa ba da izini ba. A 1262, da wani akawu a fadar sarki ya zo rubuta afuwar da aka yi wa shugaban, sai ya rubuta sunan ɓarawon William Robehod. Mutum ɗaya ne, shari'a ɗaya, amma sunan ya canza a hannun akawu. Ko akawun ne ya laƙaba masa, ko mutane ne suke kiransa haka, sakamakon ɗaya ne: a 1262 wannan suna ya riga ya zama abin da ake kiran ɗan fashin da ya gudu da shi. Kafin 1300 an sami irin wannan laƙabi aƙalla sau takwas a sassa daban-daban na ƙasar, da dama daga cikin masu shi kuwa mutanen da ake tuhuma da laifi ne. Al'adar ta ɗore, domin a 1439 an kai ƙarar wani Piers Venables na Derbyshire gaban majalisa cewa ya tara mutane ya shiga daji kamar Robin Hood da jama'arsa.

Idan labarin ya kai Berkshire a 1262, to duk wanda ya yi tashe bayan wannan shekara ba zai zama tushensa ba. Mutanen Hunter sun fita. Roger Godberd ma ya fita, duk da cewa shi ne rayuwarsa ta fi kama da waƙa: ya bi de Montfort, ya yi fashi a yankin Sherwood har aka kama shi a 1272, wani barde mai suna Richard Foliot kuma ya taɓa ba shi mafaka. Mai yiwuwa labarinsa ya shiga waƙoƙin daga baya, kamar yadda wasu labarai suka shiga. Gwajin gaskiya da Robin yake yi wa matafiya, inda mai faɗin ainihin kuɗinsa yake tsira maƙaryaci ya yi asara, yana cikin labarin Eustace ɗan zuhudu, ɗan fashin teku da aka kashe a 1217, shigar burtu a matsayin mai sayar da tukwane kuma an riga an ba da ita game da Hereward, wanda ya yi wa Normawa turjiya wajen 1070.

Mutum ɗaya ne ya tsallake wannan ma'auni na shekara. A 1936 L. V. D. Owen ya nuna cewa bayan zaman alƙalan sarki a York a 1225, an rubuta a kundin baitulmali na 1226 cewa ana bin sule 32 da sisi, kuɗin kayan Robert Hod wanda ya gudu. Da aka maimaita bashin a shekara mai zuwa, sai aka rubuta sunan Hobbehod, wanda ya yi kama da yadda bakin jama'a yake kiransa. An nuna cewa yana ƙarƙashin ikon cocin St Peter na York, wato shi ɗan haya ne a ƙasar manyan limamai, a lardin da Barnsdale take. Hakimin Yorkshire na lokacin, Eustace na Lowdham, mutumin Nottinghamshire ne, ya yi aikin mataimakin hakimi a can kafin nan, ya kuma zama hakimin Nottingham daga baya. A wannan shekara ta 1225 ne aka ba shi izinin kashe kuɗi don farautar wani Robert na Wetherby, wanda takardar sarki ta kira mai ɓarna a ƙasa, har aka biya kuɗin sarƙar da aka rataye gawarsa da ita. Crook ya kawo yiwuwar cewa Robert ɗin nan biyu mutum ɗaya ne, amma ya kawo shi ne a matsayin hasashe, domin babu takardar da ta haɗa su.

Ni ina ganin Robert Hod na 1225 ya fi kowa hujja, saboda lardinsa ya dace, doka ta neme shi, kuma shekara 36 ko 37 da ke tsakaninsa da akawun 1262 sun isa suna ya yi tafiya daga York zuwa kudu a bakin mawaƙa. Sai dai wajibi ne a tsaya inda takardar ta tsaya. Ba ta faɗi laifinsa ba, ba ta ambaci baka ko daji ko mabiya ba, ba ta kuma ce ya taɓa ba wani ko kwabo ba. Ta ba da sunansa da darajar kayansa, ta ce ya gudu, kuma akawun sarki sun ci gaba da kwafe bashin sule 32 da sisi a kundin shekara bayan shekara har zuwa 1234.